Gonar Malama Gana ta Mamudo

"Ɗago ni, Bintu. Ba zan karɓi baƙi a kwance kamar buhun gero ba."

Na jingina ta da matashi, na gyara mata ɗankwali. Malama Gana ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu, amma muryar tana nan, wadda ta yi shekaru tana tsayar da 'yan firamare cak. Katanga ce kawai tsakanin gidana da nata a unguwar Bolewa, kuma tun da likita ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a, a ɗakinta nake wuni.

Liman take jira, da ɗanta tilo Babagana, mai sayar da kayan gini a Damaturu. So take ta mayar da gonarta ta Mamudo wakafi, a riƙa sayar da amfanin ana ɗaukar nauyin malaman makaranta masu son komawa jami'a su yi digiri na biyu a fannin koyarwa. Sai dai liman ya gaya mata gonar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ta mallaka, kuma mai ciwo irin nata ba ya kyautar da fiye da haka sai magaji ya yarda. Kowa a unguwa kuwa ya san Babagana ya daɗe yana zancen yanka gonar filaye.

Da suka zauna, liman ya yi bayani. Babagana ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota.

"Iya, wa zai noma ta?" ya tambaya.

"Haya za a bayar."

"Haya? Su tsotse ƙasar su kawo ƙaiƙayi?" Ya ɗago kai. "Na yarda, Malam, ka shaida. Amma ni zan noma ta, taki da iri duk a wuyana."

Malama ta dube shi sama da ƙasa. "Kai? Kai da in an tura ka ciyawa sai ciwon ciki ya kama ka?"

Liman ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ita ma ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, na miƙa mata ruwa tana ture hannuna.

Babagana bai jira kaka ba. Ya ce shi zai biya wa malami na farko kuɗin karatu daga aljihunsa, don Iya ta gani da idonta. Tsofaffin abokan aikinta suka zauna suka zaɓi Khairat, wata malama daga Gadaka. Ta iso da hantsi, goye da jaririya, ta durƙusa a bakin gado.

"Me za ki je ki karanto mana?" in ji Malama.

"Mama, yaran ajina da yaren Ngamo suke tashi. Suna shigowa sai mu tare su da Turanci, su yi shiru kamar kurame, alhali a waje surutunsu ya ishi kowa. Ina so in binciko yadda za a fara koya musu karatu da harshen gidansu."

Malama ta buga cinyarta. "Bintu, kin ji? Abin da ya dame ni ke nan tun ina budurwa, ban sami mai ba ni amsa ba!" Ta kama hannun Khairat. "In kin gano, kada ki ɓoye shi a kabad. Ki dawo aji."

Ranar ta nemi tuwo miyar kuka, ta ci loma mai yawa, ta sa aka ɗora mata jaririyar a cinya tana yi mata wasa da yaren da ban taɓa jin ta yi ba.

Washegari da safe ta yi salla a zaune, ta ce in dama mata kunun tsamiya, in sa sukari sosai, likita ba ya nan. Ina dawowa da kofin na same ta a jingine, carbi a hannu, fuskarta a sake. Na kira ta, na sake kira. Sai na ajiye kunun na rufe mata ido.

Kafin azahar an kai ta. Ina tsaye a zaure lokacin da aka tashi 'yan makaranta. Suka kwararo layinmu da ihunsu, suna ganin tabarmi a ƙofar gida suka yi tsit. Ɗaya bayan ɗaya suka cire takalma, suka wuce a hankali suna rusunawa, jakunkunansu na lilo a baya. Sai da suka sha kwana na ji sun sake kwasa da gudu.