Maganin Cikin Yaya Wing

Yayana Wing mai kiwon kifi ne, tafkinsa biyu, babba da ƙarami. Mutum ne da zai shiga tafki har wuya a tsakiyar sanyi, amma a miƙo masa kofin magani sai ya hau zufa. Matarsa Fung kuwa 'yar mai magani ce. Tun da cikinsa ya fara ƙugi, kullum da safe sai ta dafa masa saiwar wong-lin da tafarnuwa, baƙi ƙirin, ɗaci kamar me. Shi kuma ya karɓa da ladabi, ya ce zai sha a bakin tafki, ya je ya juye a bokitin abincin kifin ƙaramin tafki. Wata uku ina kallonsa daga katangata, ban tona ba.

Da zafi ya shigo, ciwon hanji ya faɗa wa kifin ciyawa, irin kifin da muke kiwo a ƙauyenmu. Ciki ya kumbura, kifi ya daina ci, da safe a tarar da shi ya mutu, farin cikinsa a sama. Jami'in kiwon kifi ya duba ya ce ƙwayoyin cuta ne. Babban tafkin Yaya ya kamu, kuma a nan iyayen kifinsa suke, waɗanda ya shekara shida yana reno. In suka mutu, baɗi ba shi da iri. Ƙaramin tafki kuwa ko ɗaya bai mutu ba.

Na same shi tsugune a bakin ruwa, ya ba ni tausayi ƙwarai.

Na ce, "Yaya, ka san abin da ya tsare ƙananan nan. Je ka faɗa mata."

"Ke dai ba kya ƙaunata. Kin san bakinta."

"To zauna ka yi ta kwasar gawa."

Ya kwashi biyu, manya, sannan ya miƙe. Na bi shi, don wannan kallo ba ya wuce ni.

Fung na yanka kabeji. Ya tsaya yana murza hula, ya ce, "Tsohuwa, maganin nan naki... kifi ke sha."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta nuna bayan murhu da wuƙa. Tukwane uku ne manya, an riga an tace, suna hucewa.

Ta ce, "A kwaɓa da abinci, kwana shida, safe da yamma. Tun sati na biyu na gane, tsoho. Mutum ya sha wong-lin ya dawo yana fito? Sai na mai da haɗin irin na kifi, yadda babana yake yi."

Yaya ya shafa cikinsa. "To ni ya aka yi na warke?"

"Wata biyu da rabi kana cewa kunun shinkafata ya lalace, tsufa ya kama ni. A ciki nake zuba maka naka. Ka taɓa ragewa? Ɗauki tukunya, kifi na jira."