Kujera a Bakin Ƙofa

Da hantsi rediyo ya faɗi sakamakon zaɓe. Cikin kujeru goma sha ɗaya na majalisar yanki, huɗu sun faɗa hannun 'yan takara masu zaman kansu. Ɗaya daga cikinsu ita ce Sista, wadda ta shekara talatin tana karɓar haihuwa a asibitin unguwa kafin ta yi ritaya ta buɗe shagon magani.

Tana jera kwalaben maganin tari mutane suka cika layin. Mai faci ya bar taya a cikin ruwa ya taho, matan injin niƙa suka shigo hannu duk gari. Tela ya ce rabin waɗanda suka zaɓe ta ita ta yanke musu cibiya, sauran kuwa tsoron allurarta ne ya kai su rumfar zaɓe. Ta yi dariya, ta ce a ba da hanya, ga mai ciwon haƙori yana jira.

Da yamma yayanta ya iso. Shi ne shugaban jam'iyya mai mulki a mazaɓar, kuma tun da ta fito takara ko gaisuwarta da ƙyar yake amsawa. Ya zauna a bencin marasa lafiya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce manya ne suka aiko shi. Kujera biyar suka samu, suna neman ta shida. In ta shigo jam'iyya za a ba ta shugabancin kwamitin lafiya, har da mota.

Ta tuna masa cewa sau uku tana kai musu takarda kan rufin ɗakin haihuwa da ke yoyo, sau uku ana ce mata ta dawo wani makon.

"Yanzu ai ke za ki sa hannu a gyara," in ji shi. "Ki rufa mini asiri, ƙanwata. Dariya ake yi mini a ofis."

"Yaya, girmanka yana nan, ban taɓa shi ba. Amma ƙuri'ar nan ba tawa ba ce da zan ba ka kyauta. Masu ita sun ga hoton jam'iyyarku a takarda, suka tsallake."

Ya ce za a mayar da ita saniyar ware, ba wanda zai saurare ta. Ta ce ta saba magana da mutanen da ba sa son ji. Ta lura yana dafe ƙeya, ta jawo abin awo ta ɗaura masa a dantse yana ta faɗa. Jininsa ya hau sosai. Ta ba shi magani, ya karɓa ya fita ba sallama.

Ranar rantsuwa aka jera su huɗun a can baya, bakin ƙofa, inda ba a sa abin magana ba: ita, da tsohon hedimasta, da direban tifa, da wata lauya. Da aka zo zaɓen shugaban majalisa, ba ɓangaren da ya kai shida. Sai ga manya suna tasowa daga gaba ɗaya bayan ɗaya, suna rusunawa suna yi musu raɗa.

Sista ta miƙe. Ta ce su huɗu sun rubuta ayyuka shida da mazaɓunsu ke jira, duk mai son ƙuri'arsu ya fito ya amsa a gaban 'yan jarida, ya faɗi ranar da za a fara. Magatakardan majalisa ya aiko a matsar musu da kujeru gaba. Direban tifa ya ce a bar su inda suke, nan ma iska tana shigowa. Ta buɗe takardar ta fara karantawa, har na waje suna jin ta.