Gwiwa a Gefen Hoto

Sekuru Takawira ya tura jakar mbirarsa, abin kiɗan nan mai harsunan ƙarfe da ake taɓawa da manyan yatsu, ƙarƙashin kujera daidai lokacin da aka kashe fitilun zauren. Mota biyu ya hau daga Mhondoro zuwa Harare, don an ce da la'asar za a nuna fim kan yadda kiɗan gargajiya ya farfaɗo, har da yayansa Zvidzai a ciki.

Shekara arba'in suka yi suna kiɗa tare. Zvidzai ne mai ja, shi kuma mai bi, yana zuba nasa sautin a 'yan guraben da yayan ya bari. Bai taɓa koyon ja ba. Tun da aka binne Zvidzai bara, babu wanda ya leƙo gidansa da zancen kiɗa, kuma kaɗaici ya ishe shi. Ya zo ne ko wani zai gane shi ya ce, "Sekuru, zo ka bi ni."

Zauren cike yake da matasa, kowa da hoton mbira a gaban riga, yatsu kuwa lukui, ko kanta babu.

Sai ga Zvidzai a allo, zaune a tsakar gidansu. Takawira ya tuna ranar sarai, tare suka yi kiɗan. Amma masu fim a ƙwaryar mbirar yayan kaɗai suka maƙala abin ɗaukar sauti. Shi kuwa gwiwarsa ce kawai ta fito a gefen hoto, cikin wandon nan mai faci.

Kiɗan ya taso da gurabensa a buɗe. Bai san lokacin da manyan yatsunsa suka fara cike su a hannun kujera ba.

Budurwar da ke kusa da shi ta sunkuyo, ta kira shi Sekuru, wato Kaka, yadda ake kiran kowane tsoho. "Sekuru, don Allah, kuna damunmu. Irin wannan kiɗan an daina samunsa."

"Rabi kike ji, jikata."

"To, a bar mu da rabin, tsoho," in ji wani daga baya. Aka yi 'yar dariya.

Ya cusa hannuwansa cikin aljihun kwat. A allo, Zvidzai ya juya wajen gwiwar nan ya gyaɗa kai, yadda ya saba yi in yana so ƙanensa ya ƙara wuta. Cikin aljihu, inda ba mai ji, Takawira ya ƙara.