Ɗigon Jinin Gambo

A kudu, can ƙauyensu, sauron damina ya ciji Gambo, amma sai a tashar Agadas cutar ta kayar da shi, suna hanyar rijiyar zinariya ta Cibarakaten, shi da ƙanensa Illiya. Palu ce, zazzaɓin sauro mai tsanani, irin mai hawa kai. Kwana uku bai san wanda ke kansa ba.

Da ya farfaɗo, lokotoro Habsa, likitar da ke duba shi a asibiti, ta yi masa bayani. Sabon magani ake gwadawa, Illiya ne ya dangwala yatsa a takardar amincewa a madadinsa. Abu guda ya rage: a sake duba jininsa ranar kwana ashirin da takwas, don a san ko maganin kashe cutar ya yi, ko lallashinta.

"Dole ce?" in ji Gambo.

"Ba dole, baba. In ka tafi, sai a ajiye takardarka kamar ba a gwada a kanka ba."

Illiya ya ja shi waje. "Yaya, kamiyo, babbar motar rijiya, zai tashi Alhamis. Ka san dokar rijiya, wanda ba ya nan ranar saran farko, igiyarsa ta shiga rami ta wani ce. Ka warke, me kake jira? Su naɗa ka sarkin marasa lafiya?"

"Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

"To, Allah ya ba da aska!"

Alhamis kamiyo ya tafi da duk wanda ya san sunansa, har da Illiya. Gambo ya samu wani zaure bayan tasha. Baƙo raɓa ne, ba a tambayarsa daga ina. Shayi shi kaɗai, tuwo shi kaɗai. Kowace safiya bayan salla ya ƙulla ƙulli guda a zare. Ranar ƙulli na ashirin wani direba ya kawo masa labari: Mansur, ɗan ƙauyensu, ya karɓi igiyar. Gambo ya ce madalla, ya ci gaba da wanke kofinsa.

Da ranar ta cika, ya saka rigarsa ta Juma'a, ya koma asibiti. Habsa ba ta nan, an tura ta Ingal. Wani ma'aikaci da bai taɓa gani ba ya soke masa yatsa, ya ɗiga a ɗan gilashi, ya shige ciki. Can ya leƙo.

"Jini lafiya lau, tsoho. Na gaba!"

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Gambo ya fito. Arewa ta rufe masa bana, kudu kuwa ba a shigarta hannu rabbana. Ya zauna gindin katanga, yana danne auduga a yatsan da jininsa ya tsaya tun ɗazu.