Ƙwaƙwalwa Daban, Allo Daban

Tsohuwar laftof ɗin gidan, Auta aka yi wa alkawarinta. Tana koyon buga rubutu a wani shago a bakin titi, mai shagon kuwa ya ce ba zai ɗauke ta aiki ba sai hannunta ya yi sauri. Yayyenta biyu, Dogo da Oga, suka ce ta kwantar da hankalinta, ranar da babbar kwamfutar wasa da suke shirin haɗawa ta tashi, tsohuwar ta zama tata.

Matsalar ita ce ba sa ga maciji da juna. Tun da Oga ya lallasa Dogo a wasan ƙwallo a gaban abokai, magana ta ƙare tsakaninsu. Ɗaki ɗaya, katifa na kallon katifa, amma komai sai an aiki Auta.

"Gaya wa wancan ni zan zaɓi furosesa," in ji Dogo. "Ƙwaƙwalwar inji ba aikin yara ba ce."

"Ce masa ya ji daɗi," in ji Oga, yana danna waya. "Ni ke da madabod. Mu ga inda zai dasa ƙwaƙwalwar tasa in ba a kan allona ba."

Auta ta yi ƙarfin hali ta ce, "Yaya, ba za ku haɗa kai ku duba ko za su dace ba?"

Suka yi mata kallon da ake yi wa kaza in ta shigo falo.

Kowa ya shiga bincikensa a ɓoye. Dogo yana lulluɓa da zani kada a ga wayarsa. Oga kuwa har fankoki ya ƙaro masu fitilu kala-kala, da akwati mai gilashi, wai don maƙiya su gani da kyau.

Ranar haɗawa suka kira mai gyara. Ya baje kaya a teburin falo, ya ɗaga furosesa, ya dubi gurbinta a allo, ya sake dubawa.

"Wa ya sayi wannan?"

Dogo ya bugi ƙirji.

"Wannan fa?"

Oga ya gyara kwala.

"To, sannunku. Na kamfani daban ne kowanne. Ko da guduma ba za ta zauna ba. Sai ɗaya ya mayar da nasa a canza."

"Auta, ce masa ya mayar da katakonsa," in ji Dogo.

"Auta, ce masa nawa ya fi nasa zamani."

Mai gyara ya jona abin da zai jonu, ya tattara sukundirebobinsa ya yi gaba. Fankokin suka kama juyawa, ja, kore, shuɗi. Ban da iska babu abin da ke fitowa.

Mama ta leƙo daga kicin. "Ikon Allah! Duk wannan ɗaga hancin, ashe fanka kuka haɗa mana?" Ta jawo kujera kusa, ta miƙe ƙafafu.

Auta ta lallaɓa ɗaki ta rungumo laftof ɗin. Ba ta kai ƙofa ba ta ji muryoyi biyu a tare, karo na farko tun ranar ƙwallon:

"Ke! Ajiye ta. Ba ki ga tamu ba ta tashi ba?"

Washegari ta zana haruffa irin na madannan laftof a kan kwalin madabod ɗin, ta zauna tana buga su da yatsu. Kwalin dai ya yi amfani.