Madanni Na Biyu

Kana cikin layin nan ranar, kada ka ce ba ka gani ba. Kai ne ka ja tsaki da matar ta daɗe a bakin taga, sannan ka mai da ido kan wayarka.

Mai ɗinki ce, tef ɗin awo na rataye a wuyanta. Mahaifinta, mai gyaran famfo, ya fita aiki ran Litinin bai dawo ba. Wani ya ce mata ya ga mota ta buge wani dattijo, an nufo asibitinmu da shi.

Wata biyu ke nan da na fara aiki a ofishin kati. Abokin aikina, wanda ake kira Walƙiya saboda saurin sallamar mutane, shi ya buga sunan a kwamfuta.

"Babu shi, Malama."

"Don Allah ɗan'uwa, sake dubawa."

"Kwamfuta ta ce babu. Ko ni zan haifo miki shi? Na gaba!"

Madannin bincike biyu ne a kwamfutar tamu. Na farko ba ya yarda sai harafi ya hau kan harafi. Na biyu kuwa auna sunaye yake yi: yana ƙirga haruffa nawa suka bambanta, yana tattaro waɗanda suka yi kama a kunne, sai ya jero maka talatin ko arba'in ka tantance. Don irin wannan rana aka yi shi, domin wanda aka kawo jina-jina ba shi ke rubuta sunansa ba, nas ce ke rubuta abin da ta iya tsinta daga bakinsa. Amma Oga, shugaban ofishinmu, ya hana taɓa shi. "Mu zauna muna karatun sunaye, layi ya kai titi?" in ji shi. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni.

Zuwanta na farko ran Talata ke nan. Laraba ta dawo, aka maimaita mata. Ta zaga ofisoshin 'yan sanda, ta leƙa ɗakin ajiye gawa, ta buɗe fuskokin iyayen wasu. Ran Alhamis ta sake tsayawa a tagar, muryarta ta dushe. Walƙiya ya fita cin abinci.

"Ƙanena," ta ce, "ba ni da sauran wurin zuwa."

Na danna na biyun. Suna talatin da huɗu suka fito. Na juya mata allon, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na goma sha tara: namiji, kimanin shekara sittin da biyar, an kawo shi Litinin da yamma, ɗakin maza, gado na tara. Duka duka minti uku muka yi.

Sai ga Oga a kaina. "Kai ɗan boko, wa ya ba ka izini?"

"Oga, ubanta yana sama. Kwana uku yana kwance a saman kanmu!"

"To ai ga shi an same shi. Ihun na mene ne?"

Na bar shi tsaye, na raka ta bene. Nas ɗin ɗakin ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ce 'yarsa? Ina kuka shiga? Tun Litinin likita ke jiran ɗan'uwa ya sa hannu, ya kawo masu ba da jini. Jiya dai dole aka yi, ƙafar ta riga ta ɓaci."

'Yar ta ɗaga zanin gado, ta ga inda ƙafar ta tsaya ƙasan gwiwa, ta mayar a hankali. Dattijon ya buɗe ido.

"Uwata, kin iso? Na faɗa musu za ki zo. Suka ce wai ba wanda ya neme ni."

Ta riƙe hannunsa kawai.

Washegari aka ba ni takardar gargaɗi saboda barin wurin aiki. Dokar Oga tana nan daram, kuma da safen nan na ji Walƙiya ya ce wa wani tsoho babu matarsa.

Saboda haka, duk ranar da ka ji an ce wa na gabanka "babu shi", kada ka matsa ka cike gurbinsa. Ka tsaya kusa da shi, ka ɗaga murya, ka ce a binciki sunaye masu kama, a juyo da allon ku gani da idonku. Kada ka bar tagar sai an yi.