Godiyar Araceli

A kulob ɗin tanis na garin Gualeguay, kowa ya san Griselda ce ta fara riƙe raket kafin ƙanwarta Araceli. Ita ta koya mata zamewa a kan jar ƙasa, kuma har suka zama 'yan mata Araceli ba ta taɓa cinye ta ba. Sai gwiwar Griselda ta lalace. Ta zauna gida tana koyar da yara, ƙanwar kuwa ta zagaya duniya tana ɗauko kofuna, har hotonta ya hau bangon tashar mota.

Da Araceli ta ajiye wasa ta dawo, kulob ya raɗa wa babban fili sunanta, filin da Griselda take yi wa shara da ban ruwa kowace safiya. Shugaban kulob ya yi dogon jawabi, ya lissafo masu horarwa na Turai, bai ambaci Griselda ba. Araceli ma da ta karɓi makirufo, kuka ta yi ta zauna. Griselda ta tafa kamar kowa, amma tafin bai daɗe ba.

Da la'asar dangi suka zauna a rumfa shan mate, shayin ganyen da ake sha a ƙasarsu. Griselda ce mai zubawa, ƙoƙo ɗaya da bututu ɗaya suna zagayawa. Da ta miƙa wa Araceli, sai ta karɓa ta ce, "Na gode, Yaya."

A wajensu ba a godiya sai an ƙoshi. Wanda ya gode ya fita daga zagaye ke nan. Griselda ta san bakin ƙanwarta ne ya saba da otal-otal. Duk da haka ta ji wani sanyi a ranta, don ta sami hujja. Da zagaye ya dawo, ta tsallake ta. Ya sake dawowa, ta sake tsallake ta.

Kawunsu Eleuterio ya yi dariya, ya ce zakara ta zama baƙuwa, gobe sai ta nemi cokali mai yatsu don cin empanada, ɗan burodin nama da kowa ke ci da hannu. Ba wanda ya taya shi.

"Ba don mate na gode ba," in ji Araceli a hankali. "Maganar da na kasa faɗa ɗazu ce."

"Shekarun nan duka makirufo na bakinki, 'yar gwal," Griselda ta amsa. "Sai a rumfa kika tuna."

Araceli ta sunkuyar da kai, amma ba ta janye hannun da ta miƙo ba. Griselda ta dubi hannun, da kantar da raket ya bari daidai inda ita ma take da tata. Ganyen ya riga ya salamce, ya kamata a canza shi. Ba ta canza ba. Ta zuba ruwa haka nan ta ba ta.

Araceli ta shanye har bututun ya yi ƙara, ta mayar da ƙoƙon ba ta yi godiya ba.